ZAUREN DIREBOBI: Kafin A Sauke Bwat, A Fara Binciken Abin Da Ke Damun Motar

 A wannan wata za mu tsaya ne a kan wata matsala da ta daɗe tana ci wa mutanenmu na Kilomita Biyar tuwo a ƙwarya, wato ciwon akwatin giya mai canjawa da kansa, wanda kanikawanmu ke kira bwat otomatik, musamman a jikin tsofaffin motocin nan na iyali masu ɗaukar mutum 7, irin su Toyota Sienna da Previa da Picnic, da Honda Odyssey, da Chrysler Voyager.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne abin da ya sami wani ɗan'uwanmu a daminar da ta wuce. Yana da Voyager ƙirar 2002. Da ita yake kai yara makaranta da safe, da ita yake kwaso kayan shagonsa, da ita kuma yakan leƙa Mbaiki sayen kayan gona. Wata rana bayan ruwa ya ɗauke, ya ratsa wani kududdufi a bayan titin Kuduku, bai yi wani nisa ba sai motar ta yi girgiza, daga nan ta ƙi canja giya. Injin na ta ihu, ita kuwa tana jan ciki kamar wadda aka ɗaure wa dutse. Da ƙyar ya lallaɓa ta zuwa wani gareji. Maigidan garejin ya shiga, ya zagaya da ita sau ɗaya, ya fito ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, bwat ta mutu. Sai dai a sauke ta, a aika Duwala a nemo wata." Kuɗin da aka yanka masa ya kusa rabin abin da ya sayi motar, har ya fara tunanin taɓa jarin shago. Za mu dawo kan ƙarshen labarinsa a gaba kaɗan.

Ba don mu ci mutuncin kanikawanmu muka kawo wannan labari ba. Yawancinsu sun koyi aiki ne a kan tasi masu ruwan ɗorawa da koren bas-bas na cikin Bangi da manyan motocin kaya, waɗanda galibinsu giyar hannu gare su, kuma a wannan fanni ba mai ja da su. Amma ita otomatik wata aba ce daban, kuma kuskure a kanta yana da tsada a wurinmu fiye da wurin wasu. Ƙasarmu ba ta da bakin teku. Akwatin giya na kwance da za a sa maka, galibi sai ya sauka a Duwala, ya bi ta Garwa-Bulai da Beloko da Buwar da Bosambele da Bowali, tafiyar da ta haura kilomita 1,400, kafin ya iso Sankilo. Ba mu manta ba yadda hanyar nan ta toshe daga watan Disamba na 2020 har cikin farkon 2021, manyan motoci suka yi cirko-cirko a kan iyaka. Wanda motarsa ke kan bulo a lokacin, ya san abin da ake kira jira. Saboda haka shawararmu ita ce a bi bincike daki-daki, a fara daga abin da ba ya cin ko dala, a ƙare da mai tsada, kuma kada a kwance ƙusa ko ɗaya daga jikin akwatin sai an gama wannan bincike.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Kafin a gane ciwo sai an san lafiya. Otomatik ba sabon abu ba ne, tun ƙirar 1940 kamfanin General Motors na Amurka ya fara sayar da motocin Oldsmobile da shi. A motar giyar hannu ƙafar direba ke taka kuloci, hannunsa ke zaɓen giya. A otomatik kuwa mai ne ke yin aikin ƙafa da na hannu duka. Tsakanin injin da akwatin akwai wata tukunyar ƙarfe cike da mai, kanikawa na ce mata kwambatisa. A cikinta akwai fanka biyu suna fuskantar juna, injin na juya ɗaya, ita kuma ta watsa mai a kan ta biyun ta juya ta. Shi ya sa mota ke iya tsayawa cikin giya injin bai mutu ba. Bayan tukunyar akwai famfo, wanda ke tura mai da ƙarfi ya matse wasu faya-fayan kuloci da ke jere a ciki, kowane rukuni da giyar da yake kamawa. Hanyoyin da man ke bi kuwa suna cikin wani faranti mai kama da gidan tururuwa, inda ƙananan bawul na lantarki ke buɗewa suna rufewa.

To, wa ke ba bawul ɗin umarni? A motocin da suka fito daga wajen 1990 zuwa yau, kwamfuta ce. Ita kuma ba ta da ido, da wasu 'yan ma'aunai take dogara, waɗanda kanikawa ke kira kaftar: wani na gaya mata gudun da ke shiga akwatin, wani gudun da ke fita, wani yawan totur da direba ya taka. Ke nan abubuwa uku ne ke iya kawo ciwo, wato mai, da lantarki, da ƙarfen ciki. Biyun farko ana gyara su akwatin na jikin mota. Na ukun kaɗai ke wajabta saukewa.

NA FARKO: TAMBAYA

Matambayi, in ji masu iya magana, ba ya ɓata. Kafin a buɗe bonet, bakanike ya zaunar da mai mota ya tambaye shi, shi ma mai motar ya zo da amsoshinsa a shirye. Yaushe abin ya fara? Farat ɗaya ya zo, ko a hankali ya riƙa ƙaruwa? Da sanyin safiya yake yi, ko sai mota ta ɗauki zafi? Me ya faru kafin nan: an shiga ruwa, an canja batir, an wanke injin, an ƙara mai, ko an kafe a laka? Ciwon da ya zo farat ɗaya bayan ruwa ko wanki, galibi na waya ne. Wanda kuwa ya yi watanni yana rarrafowa, yau ɗan jinkiri, gobe ɗan sulluɓewa, ya fi kama da lalacewar faya-fayai.

A kuma lura da malejin motar. Waɗanda suka fito daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Sienna da ta nuna 200,000 ta ci kilomita 320,000 ke nan, sai a yi mata hukunci daidai da shekarunta.

NA BIYU: MAN GIYA

Wannan binciken ba ya bukatar komai sai farin ƙyalle da hanci. A tuka motar kamar minti 15 ta ɗauki zafi, a tsayar da ita a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a taka birki a bi da sandar giya ta kowane harafi a dawo P. A Toyota da Chrysler ana zaro sandar gwajin mai ne injin na aiki. A Honda kuwa sai an kashe injin, a gwada cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wannan bambanci ya sa mutane da yawa sun cika wa Odyssey mai fiye da kima ko sun bar ta da ƙishirwa. Sienna daga ƙirar 2011 ba ta ma da sandar, ta ƙasa ake gwada nata, wannan kuwa aikin gareji ne.

In mai ya yi ƙasa, famfo kan zuƙi iska, sai mota ta yi jinkirin ɗauka da safe, ko ta saki giya wajen shan kwana. In ya yi yawa, ƙarafa na kaɗa shi ya yi kumfa, ciwon kuma kusan iri ɗaya ne. Akwatin giya ba ya ƙona mai kamar tsohon injin, saboda haka duk inda ya ragu, to yoyo yake yi. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai, da safe a ga inda jan ɗigo ya sauka. Amma fa a yi hattara, wasu motocin irin wannan jan man ake zuba wa sitiyarinsu, kada a ɗora wa bwat laifin da ba nata ba.

Sa'an nan a goga sandar a farin ƙyalle a duba launi. Sabon mai ja ne garau, ana hango ƙyallen ta cikinsa. In ya koma ruwan ƙasa amma ba wari, ya tsufa ne kawai, a canja shi. In ya yi baƙi yana warin ƙonannen tuwo, faya-fayai sun fara ƙonewa. In ana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, magana ta yi nisa. In kuwa ya koma kamar madarar da aka ɗiga wa zobo, ruwa ya shiga. Hanyar ruwa biyu ce. Ko dai ta 'yar kafar shan iska da ke saman akwatin lokacin da aka nutsa cikin kududdufi, ko kuma ta lagireto, domin man giya na ratsa wani bututu a cikinsa don ya huce, in bututun ya fashe sai su gauraya. Duk wanda ya ga wannan launi ya kashe mota nan take, domin ruwa na ɓamɓare fatar da ke manne a jikin faya-fayan.

Akwai kuma maganar irin man. A kasuwa akan ce jan mai duk ɗaya ne, alhali kuwa ba haka ba ne. Sienna ta farko, ƙirar 1998 zuwa 2003, Dexron take sha. Ta 2004 zuwa 2006 tana son T-IV, waɗanda suka biyo baya kuma WS. Honda na da nata, da ATF-Z1 ne, yanzu DW-1 ya maye gurbinsa. Voyager da 'yar'uwarta Dodge Caravan ATF+4 suke so, in aka ɗura musu Dexron sai su fara karkarwa wajen canja giya. Sau da yawa sunan man na rubuce a jikin sandar gwajin ko a littafin motar. A sayi galan mai hatimi, a guji wanda aka juye a kwalba a bakin hanya, domin araha ba ta ado.

NA UKU: LANTARKI

In mai ya fita daga zargi, sai a koma kan waya. A fara da batir. Kawunansa su zama a ɗaure, ba farin gari a kansu, wayar da ke haɗa injin da jikin mota ita ma ta kama sosai, kuma a tabbata caji na shiga. Kwamfutar da wuta ba ta ishe ta ba takan rikice ta riƙa buga giya. Daga nan a duba fis da rile na akwatin giya, a bi wayoyin da ke sauka zuwa jikinsa, a zare kowane soket a leƙa cikinsa. Laka, da koren tsatsa, da aikin ɓeraye, su ne manyan abokan gabanmu a nan Sankilo.

Motar da kanta takan yi ƙorafi in an san inda za a duba. A tsofaffin Toyota fitilar O/D OFF ce ke ƙiftawa. A Honda harafin D ne ke ƙiftawa a allon direba. Chrysler kuwa, wanda tun 1989 ya sa wa Caravan da Voyager akwati mai giya 4 da kwamfuta ke sarrafawa, dabararsa ita ce in kwamfutar ta ga abin da ba ta yarda da shi ba, sai ta janye hannunta ta bar motar a giya ta biyu, don ta iya ɗingisawa zuwa gida ba tare da ta ƙara wa kanta rauni ba. Mutane da yawa sun ɗauki wannan ɗingishi a matsayin mutuwar bwat. A kashe motar a sake tayarwa. In tun daga tashi ta maƙale a ta biyu, a nemi fis ko rile ko wayar bawul. In ta tashi da giya ta farko lafiya, sai wajen canjawa ta maƙale, a zargi ma'aunin gudu, ko kuwa faifan da ke sulluɓewa.

Sai kuma na'urar bincike, wadda ake kira baliz. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga ƙirar 1996, da masu shan fetur na kasuwar Turai daga 2001, suna da wani soket mai baki 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona ta. Yanzu har akwai ƙananan da ke magana da wayar hannu, ko da yake ba dukansu ke iya shiga kwamfutar giya ba. Lambar P0700 cewa kawai take yi kwamfutar giya na da ƙorafi, a shiga a ji. P0715 ta ma'aunin gudun shiga ce, P0720 ta na fita, P0730 na nufin giyar da aka umarta ba ita ta kama daidai ba, P0740 ta kulocin cikin tukunya ce, P0750 da P0755 kuma na bawul na farko da na biyu. Amma lamba unguwa take nunawa, ba gida ba. In ta ambaci ma'auni, a duba wayarsa da soket ɗinsa kafin a sayi sabo. Masu tsohuwar Previa ta farkon shekarun 1990 ba sa ma bukatar baliz: a haɗa bakin TE1 da E1 a soket ɗin binciken motar da guntun waya, a ƙirga ƙiftawar O/D OFF. 42 ma'aunin gudu ne, 62 da 63 kuma bawul na farko da na biyu.

A nan ne labarin ɗan'uwanmu ya ƙare. Rashin kuɗi a hannu ya sa motar ta yi kwanaki a garejin ba a taɓa ta ba. Ranar da ya je gaya musu ya sami rabin kuɗin, wani yaro mai koyon aiki, wanda shi ke matsar da motar kullum in za a share wuri, ya ce masa, "Baba, na lura allurar maleji ba ta motsi ko motar na tafiya. Da ma haka take?" Ya ce a'a, ranar ruwan nan ta faɗi. Aka kira mai baliz, lamba ta fito P0720. Ashe a wannan motar ma'aunin gudun fita shi ne ke ciyar da malejin ma, kuma daga waje yake ɗaure a jikin akwatin. Da aka zare soket ɗinsa, cike yake da jar laka. Aka wanke, aka canja ma'aunin, mota ta tashi tana canja giyarta lafiya lau, kuɗin kuwa bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Maigidan garejin, Allah ya saka masa, bai yi gardama ba, ya ce shi ma ya ƙaru.

NA HUƊU: GWAJI A KAN HANYA

In mai da waya duk sun tsira, sai a hau titi, bakanike na gefe, rediyo a kashe. Tun ana tsaye, a taka birki a sa D a ƙirga. Littafin gyara na Toyota ya ce daga N zuwa D kada jinkiri ya kai sakan 1.2, daga N zuwa R kuma kada ya kai sakan 1.5. Wadda sai an ƙirga uku ko huɗu kafin ta kama, ƙarfin mai na zurarewa a wani wuri. In jinkirin na sanyin safiya ne kawai, yana gushewa in ta yi zafi, robobin ciki ne suka fara bushewa. In kuwa ta kama da ƙarar buguwa kamar an doki ƙarfe, a fara duba robobin da injin ke zaune a kansu, waɗanda ramukan titunanmu ke cinyewa, domin sau da yawa su ne, ba bwat ba.

A kan tafiya a sa ido a kan allurar juyin injin. In ta yi sama wajen canja giya amma gudu bai ƙaru ba, wannan ita ce sulluɓewa, kuma a lura da giyar da take yi a kai. In mota na tafiya lafiya da sanyi, ta yi zafi ta fara wani siririn kuka ta daina ja, a kashe ta 'yan mintoci ta sake ɗauka, to matatar mai ce ta toshe. Canja matatar na iya warkar da ita, amma a tambayi kai abin da ya toshe ta.

Akwai wata karkarwa da ke zuwa wajen gudun 60 zuwa 80, kai ka ce an hau titi mai tsagi-tsagi. Gwajinta mai sauƙi ne. A wuri mai fili, a riƙe totur yadda yake, a ɗan shafi birki da ƙafar hagu, daidai yadda fitilar baya za ta kama. In karkarwar ta ɗauke nan take, kulocin cikin tukunya ne, kuma sau da yawa sabon mai na ainihi kan rage ta. In ba ta ɗauke ba, a koma kan fulogi, wato buji, da kwil, da taya, da kardan. Injin da ke tsallake wuta ya sa an sauke akwatuna masu lafiya ba iyaka.

In mota ta ƙi motsi gaba da baya, a dubi maleji. In allurar na hawa alhali motar na tsaye, kuma ko an sa P tana gangarawa in an tura, to kardan ne ya karye ko ya zare, akwatin lafiyarsa ƙalau. In tana zuwa gaba amma ba ta baya, a fara duba igiyar da ke haɗa sandar giya da akwatin, in tana daidai, to ciwon na ciki ne.

IN TA TABBATA CIWON NA CIKI NE

Shaida ta ƙarshe tana cikin kaskon ƙasa, a akwatunan da ke da shi. A kwance shi a dubi maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka kamar kwalli ba abin tsoro ba ne, kowane tsohon akwati na yin sa. Amma ɓarɓashin ƙarfe da ake ji a yatsa, ko baƙin gari mai yawa kamar dusa, shi ne hukunci. A wannan hali sabon mai ba ya mayar da fatar da ta riga ta ƙone. Daga nan ne ma maganar nan ta samo asali, wai canja mai ke kashe otomatik. Mutum ya bari sai akwati na shure-shuren mutuwa sa'an nan ya canja mai, in ya ƙarasa a ce man ne.

Wasu akwatunan da rauninsu suka zo. A 2004 kamfanin Honda da kansa ya kira Odyssey ƙirar 2002 zuwa 2004 a Amurka, saboda haƙoran giya ta biyu na ɗaukar zafi don rashin isasshen mai. Mai niyyar sayen irinta ya gwada ta da kyau, da sanyi da kuma zafi, kafin ya miƙa kuɗi.

In za a sa akwati na kwance, a kwafi lambar da ke jikin tsohon a aika da ita, domin kamannin waje na yaudara. A wanke bututun sanyaya mai da ke cikin lagireto, ko a canja shi, in ba haka ba dattin tsohon zai kashe sabon. A tabbata tukunyar ta zauna daram a cikin famfo kafin a ɗaure akwatin da injin, domin in aka ja shi da ƙarfin ƙusa famfon ne ke fashewa. Kuma a yi magana da mai sayarwa gaban shaidu a kan kwana nawa ya ɗauki alhakin kayansa.

RIGAKAFI

Babban abin da ke kashe otomatik shi ne zafi. Man na jin daɗin aiki a wajen digiri 80, in ya wuce haka da yawa yana saurin lalacewa. Waɗannan motoci an ƙera su ne don mutum 7 ko 8 da jakunkunansu, mu kuwa mukan cire kujerun baya mu loda buhunan rogo har rufi. In an yi lodi ko ana hawan tudu, a kashe O/D ko a sauko zuwa 3, kada a bar ta tana kai-komo tsakanin giya biyu. In an kafe a laka, kada a yi ta wurga ta tsakanin D da R ana taka totur, a nemi masu turi. Kada a sa R mota ba ta gama tsayawa ba. A kan gangara a ja birkin hannu kafin a sa P. Tsofaffin motocin nan ba sa tashi da turi, kuma jan su da igiya tafiya mai nisa tayoyin gaba na ƙasa yana ƙona su, domin in injin ba ya aiki famfon mai ma ba ya aiki. A ƙura da zafi irin namu, shawararmu a zubar da man a sa sabo duk kilomita 40,000 ko shekara 2, a kuma sani cewa abin da ke fita ta ƙasa bai fi kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ba, sauran na cikin tukunya.

Ga 'yan'uwanmu kanikawa kuma, muna roƙon masu gareji su haɗa kuɗi ko da su uku-uku ne su mallaki baliz mai kyau, su kuma bar yaran da suka yi boko su koyi karanta ta. Masu motoci su ma su daina jin haushin biyan kuɗin bincike, domin wanda ya ɓata awa biyu yana bin waya har ya hana ka aikawa Duwala, ya ci guminsa.

Wanda motarsa ke da wata alama da ba mu ambata ba, ya rubuto mana, ya faɗi irin motar da shekarar ƙirarta da launin manta da lokacin da take yin abin. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba maganar lagireto da fanka kafin zafin Fabrairu da Maris ya kankama. Mu kwana nan, a sauka lafiya.